Matashi Da Ciwon Dajin Fata: Tawakkali Ba Ya Hana Wuƙar Likita



A tunanin mutanenmu da yawa, ciwon daji cuta ce ta tsofaffi, ciwon dajin fata kuwa sai Turawa. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a sashen tiyata na manyan asibitocin koyarwa na Arewa, a Kano ko Shika ko Sakkwato ko Maiduguri, ya san zancen ba haka yake ba. Cikin masu jiran ganin likita akwai samari da 'yan mata da ba su cika shekara 30 ba. Wani miki ne ya cinye masa gefen kunne, wata baƙin tabo ne a tafin ƙafa yake ta faɗaɗa, wani kuma tsohuwar ƙunar yarinta ce ta buɗe ta ƙi rufewa. Mafi yawansu sun zo a makare, kuma idan aka bi diddigin makarar sai a tarar tsoro da talauci da gurguwar fahimtar tawakkali ne suka haɗu suka tare musu hanya.

Matsayinmu a wannan shafi shi ne, matashin da aka tabbatar masa yana ɗauke da wannan ciwo, haƙurin da Shari'a take nema a wurinsa ya haɗa karɓar ƙaddara da miƙa kai ga likita ba tare da ɓata lokaci ba. Iyaye da malamai da masu hali kuwa, nauyinsu ne su share masa wannan hanya, kafin tiyata da bayanta.

Wa ciwon yake kamawa?

Allah Ya sanya wani sinadari a fatar ɗan Adam da likitoci ke kira melanin. Shi ke ba fata da gashi da ido launi, shi ne kuma garkuwar da ke tare wani sashe na hasken rana mai lahani wanda ido ba ya gani. Baƙar fata tana da wannan sinadari da yawa, shi ya sa ciwon bai yawaita a cikinmu kamar yadda ya yawaita a Ostireliya da Turai ba. Duk da haka yana samun mu, kuma ta ƙofofi uku ya fi shigowa.

Ƙofa ta farko ita ce ta 'yan uwanmu zabaya, waɗanda aka halitta da ƙarancin melanin. Zabiyanci gado ne da yaro ke ɗaukowa daga uwa da uba gaba ɗaya, ko da su biyun baƙaƙe ne. Idan dukkansu suna ɗauke da ƙwayar gadon, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi zabiya. Saboda haka babu laifin uwa a ciki, babu hannun aljani. Ƙurajen da ke fesowa zabiya a fuska da kunne da wuya da leɓe da bayan hannu, waɗanda wasu ke ɗora wa cin gishiri, aikin rana ne. Tun yana yaro take ƙona shi, fatar ta yi kaushi, sannu a hankali wani wurin ya zama miki, mikin ya rikiɗe ya zama daji, sau da yawa tun yana ɗan shekara 20 da 'yan kai. Girman matsalar na cikin dalilan da suka sa Majalisar Ɗinkin Duniya, a watan Disamba na 2014, ta ware ranar 13 ga Yuni ta kowace shekara domin wayar da kai game da zabaya.

Ƙofa ta biyu ita ce tsohon tabon ƙuna da gyambon da ya daɗe. Yaron da ya faɗa murhu ko wutar jin ɗumi da hunturu, aka yi jinyarsa a gida har wurin ya warke da kansa, bayan shekara 20 ko 30 tabon yana iya buɗewa ya zama daji. Wani likitan Faransa mai suna Marjolin ya siffanta irin wannan miki tun a 1828, kuma har yau da sunansa likitoci ke kiran sa.

Ƙofa ta uku ita ce nau'in da ake kira melanoma, wanda ya fi sauran saurin bazuwa a jiki. A jikin baƙar fata ya fi fitowa a tafin ƙafa da tafin hannu da ƙarƙashin farce, wuraren da mutum bai cika dubawa ba. Shi ne ya yi ajalin mawaƙin Jamaika, Bob Marley. An gano shi a babban yatsan ƙafarsa a 1977, bai amince a cire yatsan ba, ciwon ya bazu zuwa huhu da ƙwaƙwalwa, ya mutu a watan Mayu na 1981 yana da shekara 36.

Alamomin da bai kamata a yi musu shiru ba sun haɗa da mikin da ya wuce wata guda bai warke ba, ko yake warkewa yana dawowa. Tawadar Allah da ta fara girma, ko ta sauya launi, ko take zubar da jini. Baƙin layi a farce da ke ƙara faɗi. Da kaluluwar da ta taurare a wuya ko hamata ko matse-matsi ta ƙi sauka.

"Daji ba ya son ƙarfe"

Babu maganar da ta kai wannan halaka majinyata a ƙasar Hausa. An gaji cewa ciwon daji ba a yi masa allura, ba a sa masa wuƙa, da zarar ƙarfe ya taɓa shi sai ya fusata ya watsu. Ya kamata mu fahimci inda zancen ya samo asali. Mutum zai shekara biyu yana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sai ciwon ya riga ya kai kaluluwa da hanta sannan a ɗauke shi zuwa asibiti. Likita ya yi iyakar ƙoƙarinsa, bayan 'yan watanni mutumin ya rasu, sai dangi su ce wuƙa ce ta kashe shi. Alhali shekara biyun da aka ɓata su ne suka ba ciwon dama.

Ciwon dajin fata yana da wata fa'ida da na cikin ciki ba shi da ita: ido yana ganinsa tun yana ƙarami. Idan aka yanke shi gaba ɗaya kafin ya yi saiwa, mafi yawan masu shi suna warkewa sarai. Ƙididdigar Amurka ta nuna cewa kusan 99 cikin 100 na waɗanda aka gano musu melanoma kafin ta bar mazauninta suna raye bayan shekara 5, amma idan ta riga ta kai gaɓoɓi masu nisa, kimanin ɗaya cikin uku ne ke kaiwa haka. Ɗan yankin naman da likita ke cira domin a duba shi a ɗakin gwaji ba ya yaɗa ciwon, kuma ita ce kaɗai hanyar sanin ko daji ne ko wani abu daban. Abin tsoro na gaske shi ne sakiya da tsaga da ƙulle-ƙullen magunguna masu cin nama, waɗanda ke ƙone saman mikin ya yi kamar ya warke, alhali yana ci gaba da ci ta ƙasa.

Magabatanmu ba su jahilci wannan ba. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajajen 1013 Miladiyya, ya ware babban sashe na littafinsa At-Tasrif ga aikin tiyata, kuma a can ya bayyana cewa ana cire ciwon daji ne tun yana sabo kuma a tumɓuke shi duka, idan ya tsufa ya girma an rasa damar. Shekara dubu ke nan da faɗar haka.

Hukuncin neman magani

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi magani, ya kuma umurci a yi. Imam Muslim ya ruwaito cewa ya aika wa Ubayyu bin Ka'ab likita, likitan ya yanke masa wata jijiya ya ƙona wurin. Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, kuma da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya fahimtar da mai tambayar cewa ɗaukar matakin kariya shi ma ƙaddarar Allah ne. Urwatu bin Zubair, ɗaya daga cikin manyan malaman fiƙihu bakwai na Madina, ciwo mai cin nama ya kama masa ƙafa a zamanin halifa Walid bin Abdulmalik, likitoci suka ce sai an yanke, ya miƙa ƙafar aka yanke. Da shi ake buga misali a babin haƙuri har yau, kuma babu malamin da ya ce yardarsa da wuƙa ta rage masa tawakkali. A nan gida ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai a kan ilimin magani duk da nauyin mulki da ke kansa.

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 7 da ta yi a Jidda a 1992, ta yanke cewa neman magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga rasa rai, ko rasa wata gaɓa, ko nakasa. Ciwon dajin fata da likita ya tabbatar ana iya cire shi ya shiga wannan hukunci kai tsaye. Addu'a da ruƙya da sadaka alheri ne, a yawaita su a gida da gadon asibiti. Zuma da habbatussauda suna da falalarsu. Abin da ba ya halatta shi ne a mayar da su dalilin ƙin zuwa asibiti, ko mai sayar da magani ya yi wa majinyaci alkawarin warkar da daji cikin kwana 40 yana karɓar kuɗin da ya kamata a yi tiyata da su. Wannan cin dukiyar mutane ne da ƙarya, haɗe da wasa da rai.

Haka nan kunya. 'Yar da ciwon ya fito mata a cinya ko ƙirji ko baya kada ta ɓoye, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malamai sun halatta buɗe gwargwadon abin da magani yake buƙata. A nemi likita mace idan akwai, idan babu a ga namiji tare da muharrami ko ma'aikaciyar jinya.

Ranar da aka ji sakamako

Matashi yana cikin lissafin jarrabawa, ko haɗa lefe, ko ɗan jarin da ya fara juyawa, sai a kira shi a gaya masa sunan cutar da a kunnensa daidai take da mutuwa. Ruɗewa da kuka da rashin barci a kwanakin farko ɗabi'ar ɗan Adam ce, ba su nuna raunin imani. Annabi ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Annabi Ayuba ya kai kukan cutarsa ga Ubangijinsa, kuma Allah Ya yabe shi da haƙuri. Abin da aka hana shi ne fushi da hukuncin Allah, da yanke ƙauna, da fatan mutuwa.

Jin sunan ciwo ba shi ne jin ranar ajali ba. Sa'ad bin Abi Waƙƙas ya kwanta ciwo mai tsanani a Makka har ya fara zancen wasiyya, a lokacin 'ya ɗaya tak gare shi. Ya tashi, ya rayu fiye da shekara 40 bayan haka, ya jagoranci rundunar Ƙadisiyya, ya bar 'ya'ya da yawa.

Shawararmu ga matashin da ke cikin wannan hali ita ce, kada ya je karɓar sakamako shi kaɗai, domin kunnen da ya firgita ba ya riƙe bayani. Ya tafi da wanda ya amince da shi, su rubuta tambayoyinsu tun daga gida: wane nau'i ne, ina ya kai, me za a cire, za a yi dashen fata, kwana nawa za a yi a kwance, nawa ne kuɗin, akwai gashi ko allurai bayan tiyata? Ya adana kowace takardar gwaji a jaka guda. Ya rage kwana a kan waya yana kallon hotunan waɗanda ciwonsu ya yi nisa, domin ba halinsa ba ne yake gani. Shi ke da ikon zaɓar wanda zai gaya wa. Idan baƙin ciki ya zarce makonni, ya hana shi ci da barci, ko ya fara jin gara ya mutu, ya gaya wa likitansa. Ciwon damuwa cuta ce mai magani, neman maganinta kuma ba abin kunya ba ne.

Masu zuwa dubiya su ma akwai ladubban da ke kansu. Kada a ce masa wani zunubi ne ya jawo masa, domin annabawa sun fi kowa shan jarrabawa. Kada a ba shi labarin wane da ciwon ya kashe. Kada kowane baƙo ya zo da sunan wani mai magani a wani ƙauye. A taƙaita zama, a yi addu'a, a ƙarfafa masa zuciya, a ajiye abin da ya sawwaƙa. Ciwon daji ba a ɗaukar sa ta hanyar taɓawa ko cin abinci tare, saboda haka ware masa kwano da tabarma zalunci ne a kan jarrabawa.

Abin da tiyatar ta ƙunsa

Rashin sanin abin da za a yi yana ƙara tsoro. Idan ciwon ƙarami ne, allurar kashe zafi ake yi a wurin, a yanke, a ɗinke, mutum ya koma gida a ranar. Likita yana haɗawa da ɗan kewayen lafiyayyar fata, milimita kaɗan a wasu nau'o'in, santimita 1 zuwa 2 a melanoma, domin kada a bar saura. Shi ya sa yankan yakan fi mikin girma. Idan wurin ya yi faɗin da ba zai ɗinku ba, sai a ɗebo siririyar fata daga wani sashe na jikin, galibi cinya, a dasa. Wurin da aka ɗebo yakan warke cikin kimanin mako biyu. Wani lokaci akan cire kaluluwar da ke kusa, wani lokaci yatsa ko wani sashe na kunne, wani lokaci kuma a bi da gashi da na'ura.

Abin da aka cire ana mayar da shi ɗakin gwaji a tabbatar ko an kwashe duka. Mutane da yawa da zarar an cire zare ba su ƙara komawa, alhali wannan sakamako na biyu shi ke nuna ko aiki ya ƙare. Komawa ganin likita duk bayan 'yan watanni a shekarun farko sashe ne na maganin, musamman ga zabiya, wanda wani sabon wuri zai iya tasowa a jikinsa. Zazzaɓi da kumburi da mugunya da wari bayan tiyata alamu ne na a koma asibiti nan take.

Ibada da bandeji

Da yawa daga cikin masu jinya abin da ya fi damunsu shi ne tsarki da salla, kuma addini bai bar su cikin duhu ba. Abu Dawuda ya ruwaito labarin mutumin da dutse ya fasa wa kai a cikin tafiya, wanka ya wajaba a kansa, abokan tafiyarsa suka ce ba su ga yana da rangwame ba, ya yi wanka ya mutu. Annabi ya yi fushi, ya ɗora musu alhakin ransa, ya nuna cewa tambaya ya kamata su yi tun da ba su sani ba.

Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun tsara al'amarin daki-daki. Idan wanke rauni zai cutar ko ya jinkirta warkewa, a shafa shi. Idan shafar ma za ta cutar, a shafa a kan bandeji, a wanke sauran gaɓoɓi masu lafiya. Ba sharaɗi ba ne a ce an ɗaura bandejin mutum yana da alwala, kuma babu adadin kwanaki, har sai an warke. Wannan hukunci ya shafi alwala da wankan janaba. Idan raunin ya game kusan dukkan jiki, ko ruwa zai cutar ko ta yaya, sai taimama. Jini ko ruwan da ke tsattsafowa da kansa daga miki an yi afuwa a kansa. Wanda aka yi wa aiki a goshi ya yi ishara a madadin sujada, wanda aka yi wa a tafin ƙafa ya yi salla a zaune, kamar yadda Annabi ya yi wa Imrana bin Husaini rangwame. Majinyacin da ke tsoron gushewar hankali a lokacin salla ta biyu yana iya haɗa Azahar da La'asar a farkon lokaci. Ba a ɗage tiyatar daji saboda Ramadan. Mara lafiya ya sha, ya rama bayan ya samu sauƙi.

Man kariya daga rana da likitoci ke umurtar zabaya su shafa, wanda lambar ƙarfinsa ta kai 30 zuwa 50, ana sabunta shi duk bayan awa biyu idan ana waje, kuma alwala tana wanke shi. Saboda haka a mayar da shi al'ada: an idar da alwalar Azahar, a tsane fuska, a sake shafawa.

Tabo da aure

Bayan an cire zare wata jarrabawar take farawa. Saurayin da aka cire wa rabin kunne, ko budurwar da ɗinki ya ratsa mata kunci, sai sun koyi sake kallon madubi da sake shiga mutane. Su sani tabo yana ci gaba da laushi da disashewa har shekara guda ko fiye, kamanninsa na watan farko ba su ne na ƙarshe ba. Su kuma sani tiyatar gyara halal ce. Sahabi Arfaja bin As'ad ya rasa hancinsa a wani yaƙi kafin Musulunci, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi ya umurce shi ya sa na zinariya, duk da an haramta wa maza ado da ita. Majalisar Fiƙihun da muka ambata, a zamanta na Maleshiya a 2007, ta tabbatar da halaccin tiyatar da ke gyara abin da ƙuna ko haɗari ko cuta suka ɓata.

Game da aure, ciwon daji da tabon tiyata ba sa cikin aibobin da littattafan Malikiyya suka lissafa a matsayin masu ba da zaɓin warware aure. Duk da haka amana ta wajabta wa mai neman aure ya faɗi gaskiyar halin lafiyarsa, domin gidan da aka gina kan ɓoye-ɓoye ba ya ƙarko. Su kuma iyayen ɗaya ɓangaren, su tambayi likita kafin su yanke hukunci da jita-jita. Wanda aka cire wa ciwon da wuri yana aure, yana haihuwa, yana neman abincinsa kamar kowa. Mijin da ya sallami matarsa, ko dangin da suka janye 'yarsu, don kawai an ambaci daji, su tuna cewa babu wanda ya karɓi takardar tabbacin lafiyar gobe.

Nauyin da ke kan al'umma

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mafi yawan jinkirin da muke zargin majinyata da shi, rashin kuɗi ne ya sa rigar tawakkali. Kuɗin gwaji da na tiyata da na mota zuwa birnin da ke da na'urar gashi sun fi ƙarfin ɗan acaba ko ɗalibi. Talaka da wanda bashi ya yi wa katutu suna cikin waɗanda Allah Ya ba haƙƙi a zakka. Muna kira ga hukumomin zakka da waƙafi na jihohinmu, irin na Sakkwato da Kano da Zamfara, da kwamitocin masallatai, su ware kaso na musamman domin gwaji da ƙananan tiyata, saboda kuɗin da zai cire miki ƙarami yau bai kai kaso kaɗan na abin da za a kashe a kansa baɗi ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a tarihinmu: asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da dukiyar waƙafi yake jinyar mutane kyauta. Masu neman taimako a Facebook da WhatsApp kuma su ji tsoron Allah, kada su yaɗa hoton mikin mutum da fuskarsa ba da izininsa ba. Rufin asiri haƙƙinsa ne ko da yana cikin buƙata.

Asusun tallafa wa masu ciwon daji na Gwamnatin Tarayya ya fara ne da dajin mama da na bakin mahaifa da na furostat. Adalci ne a ba dajin fata cikakken gurbi a ciki. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya man kariya daga rana cikin jerin magunguna masu muhimmanci. Ya rage ga gwamnatocin jihohi su kai shi asibitocin ƙananan hukumomi kyauta ga zabaya.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar ko sisi. Uba ya saya wa ɗansa zabiya malafa da riga mai dogon hannu, ya zaɓa masa sana'ar inuwa, ya raba shi da talla da noman tsakar rana, musamman daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Alaramma ya ɗauke wa almajirinsa zabiya yawon bara cikin rana. Malaman boko da na Islamiyya su zaunar da shi a layin gaba saboda raunin ganinsa, su bar shi ya sa hula mai faɗi, kada su yi masa horon tsayuwa a rana. Masallatan Juma'a su tanadar masa wuri a ciki ko ƙarƙashin rumfa. Jami'o'i da masu gidan aiki su ba wanda aka yi wa tiyata hutun jinya, su riƙe masa gurbinsa. Limamai kuma su ware huɗuba guda su gaya wa jama'a cewa mikin da ya wuce wata guda asibiti ake kai shi, domin maganar da aka ji daga mumbari ta fi ta kowane likita shiga zuciyar mutanenmu.

Ga matashin da ke karanta wannan da takardar sakamako a aljihunsa, ko da mikin da ya daɗe yana ɓoyewa: jikinka amana ne a hannunka, kuma za a tambaye ka yadda ka riƙe shi. Ka yi alwala, ka kai kukanka ga Allah, ka nemi wani naka ya raka ka, ka je asibiti a wannan makon. Waraka ta Allah ce, Shi ne kuma Ya halicci sababinta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya sa abin da ya same su ya zama kaffara, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Amin.